Kafin ka ba da hayar filin gado

'Yan'uwa matasan Katsina da Daura, musamman ku da kuka gaji fili ko kango a bakin titi: kafin a yi maganar kuɗin haya, ku tambayi abin da za a ajiye a wurin. Bakanike zai nema, mai gyaran batir zai nema, ɗan bumburutu zai zo da jarkokinsa, mai maganin feshi yana son sito. Ranar da rijiyar maƙwabci ta fara warin fetur, ɗan haya yana iya kwashe komatsansa da dare. Kai da sunanka ke kan takardar fili, kai za a kira gaban mai unguwa, daga nan sai kotu.

A 1988 aka gano dubban durom na guba da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a Koko, cikin jihar Delta ta yanzu, a filin wani mutum da ake biya kusan dala 100 a wata. Wannan ya sa aka kafa dokar sharar guba a shekarar, mai hukuncin ɗaurin rai da rai, kuma filin da aka zuba sharar gwamnatin tarayya ce ke ƙwace shi. Tun 2007 akwai hukumar NESREA da ke bin diddigin gurɓata muhalli. A shari'ar diyya kuwa, wanda ya tara abu mai haɗari har ya malala wa maƙwabci shi ke biya, ko bai yi da gangan ba. Mai filin da ya san aikin da ake yi ya yi shiru, ko ya karɓi filinsa ya bar gubar tana ci gaba da tsiyaya, da wuya ya tsira da cewa "ba ni na zuba ba". Addini ma bai bar ƙofa ba: babu cuta, babu cutarwa.

Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ba ya riƙe komai. Baƙin man da aka tuttular a bayan gareji yana nutsewa, damina ta tura shi har inda rijiyoyi ke samun ruwa. Fetur yana ɗauke da sinadarin da ke jawo kansar jini. Batir ya fi muni: ruwansa yana cin ƙasa, dalmar cikinsa kuma ba ta ruɓewa, tana zama cikin ƙurar da yara ke wasa a kai su kai hannu baki. Dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, da yawa cikin waɗanda suka rayu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Don haka a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a faɗi sana'ar da irin kayan da aka yarda a ajiye, a hana binne komai da fasa batir ko narka dalma. Ka ɗauki hoton filin kafin ka miƙa makulli, in da rijiya ko burtsatse a kai ruwan gwaji a adana sakamakon. Shi ne shaidarka daga baya. Wurin aiki a yi masa daɓen siminti mai ɗan gefe yadda abin da ya zube ba zai fita ba, durom a rufe a ƙarƙashin rumfa, nesa da rijiya da kwata. Ka riƙe wani kuɗi na share wuri sai ranar tashi. Kuma ka riƙa leƙawa da kanka, kar ka tsaya ga aiken yaro karɓar haya.

In abu ya riga ya zube, kar a kora shi da ruwa, faɗaɗa ɓarnar kawai za a yi. A kashe duk wata wuta, a tare shi da yashi, a kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar da shebur a zuba a durom a rufe. A gaya wa maƙwabta su dakata da shan ruwan rijiya har a gwada, sannan a sanar da hukumar kare muhalli ta jiha a rubuce, ka riƙe kwafi.