"Wallahi ban gan shi ba": iyafis ba ya wanke direba

Duk lokacin da mota ta buge mai babur a shataletale, abin da direba ke fara faɗa kusan ɗaya ne: "Wallahi ban gan shi ba." Jama'a su taso masa, su ce ƙarya yake, da rana tsaka? Ni ina ganin sau da yawa gaskiya yake faɗa, kuma wannan ne ya fi tayar min da hankali.

Ba duk abin da ido ya sauka a kai mutum ke gani ba. A ƙwaƙwalwa akwai ma'ajiyar wucin gadi, wadda da ita kake riƙe lambar waya kafin ka gama danna ta. Masu bincike Alan Baddeley da Graham Hitch ne suka fayyace aikinta a 1974. 'Yar ƙarama ce: a 1997 Steven Luck da Edward Vogel sun nuna abubuwa kamar 4 kawai mutum ke iya riƙewa daga abin da ya kalla. Kuma abin da ke cikinta shi ke jan ido. Direban da ya iso mararraba yana duba ko mota na tahowa, motar zai hango. Mai babur na iya giftawa bai lura ba.

Ƙwararru ma ba su tsira ba. A 2013 Trafton Drew da abokan aikinsa a Boston sun cusa hoton goggon biri cikin hoton huhu, suka ba likitoci 24 masu karanta hoto su nemo alamun ciwon daji. Mutum 20 ba su ga birin ba, alhali na'urar da ke bin motsin ido ta nuna yawancinsu sun kalli daidai wurin. Alamun ciwo suke nema, ba biri ba.

To ina ga direban da ya maƙala iyafis yana cinikin buhun masara, yana lissafin ragi a ka? Hannuwansa biyu na kan sitiyari, amma ma'ajiyar ta cika da farashi. David Strayer na Jami'ar Utah ya nuna a 2003 cewa masu tuƙi suna waya ba tare da riƙe ta ba sukan kalli allon gefen titi, daga baya su kasa tuna shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waya a kan tuƙi na ninka yiwuwar haɗari kusan sau 4, kuma iyafis bai rage wani abin kirki ba.

Wani zai ce ai hira da fasinja ma hira ce. Akwai bambanci: fasinja na ganin hanya, in tirela ta yanko sai ya yi shiru ko ya ce "Hattara!" Na cikin waya bai san halin da kake ciki ba.

Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra wayar da ke hannu kawai suke iya hangowa. Saura kuwa aikin makarantun koyon tuƙi ne da shugabannin tasha, su gaya wa direbobi ƙarara. Kai ma da ka kira direba ka ji ƙarar inji, ka ce masa, "In ka tsaya ka neme ni."