Bakano a Ziyarar Madina

Motar ziyara ta tsaya a Kuba, malam jagora ya ɗaga lasifika.

Malam: Alhazai, ga masallaci na farko da aka gina a Musulunci. Wanda ya yo alwala daga masauki ya sallaci raka'a biyu a nan, yana da ladan Umara.

Bakano: Tsaya, Allah gafarta Malam. Raka'a biyu, Umara sukutum?

Malam: Haka hadisi ya zo.

Bakano: In mutum ya yi ashirin fa?

Bakatsine: Alhaji, ibada muka zo, ba sari ba.

Bakano: Ka san nawa na biya kuɗin Umara bara? Yau ga ta a ɓagas, ka ce kada in kwasa?

Minti 10 direba ya bayar. Sai da aka yi 40 ana jiran Alhaji ya sallame.

A Ƙiblataini malam na bayanin yadda aka juya alƙibla daga Baitil Maƙdis zuwa Ka'aba a shekara ta 2 bayan Hijira, Bakano kuwa ya durƙusa yana murza kafet da yatsa.

Bakano: Ɗan Turkiyya ne. A Kantin Kwari wannan sai wane da wane.

A Handaƙ ko tsayawa direba bai yi ba, rage gudu kawai ya yi, malam ya nuna ta taga ya ambaci Salmanul Farisi, aka wuce. Sai Uhudu. Aka hau ɗan tudun maharba ana haki.

Malam: Shekara ta 3 ke nan. Musulmi 700, Ƙuraishawa 3,000. A nan Manzon Allah (SAW) ya ajiye maharba 50 ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair, ya ce kada su sauka ko me ya faru. Da aka fara tara ganima mafi yawansu suka sauka, Khalid bin Walid, lokacin bai musulunta ba, ya zagayo ta baya. Shahidai 70 aka yi, ga su can cikin shinge, har da Sayyidina Hamza.

Rabin alhazan ba su ji ba. Sun ba maƙabarta baya, wayoyi a sama, ana ta "Hajiya, kina ganina? Kira min yara!" Wai ziyara.

Bakano dai hawaye yake sharewa da bakin rawani.

Bakano: Malam, ya shiga. Wallahi ya shiga. Duniyar nan nawa take? Ku je ku yi wa shahidai sallama, ku bar min jakunkunanku. Nan za ku same ni.

Bakatsine: Ka tabbata?

Bakano: Ni? Ko sama da ƙasa za su haɗe. Ka je Kurmi ka tambaya waye ni a riƙon amana. Shekarata 30 a kasuwa, ko sallar Idi ba na rufe shago sai na bar yaro.

Suna ba da baya, daga ƙasan tudu wata murya ta tashi: "Hamsa riyal! Hamsa riyal! Carbi, zobe, darduma!"

Da suka dawo, jakunkuna suka tarar su kaɗai, da takalmi wari guda. Can sai ga Alhaji yana hawowa da buhu a ka.

Bakatsine: Ina sama, ina ƙasa?

Bakano: Ba sauka na yi ba, leƙawa na yi.

Bakatsine: Leƙen ne ya cika buhu?

Bakano: Kuma ka kiyaye harshenka, wannan ba ganima ba ce. Da kuɗina na saya. Biyar suka ce, na tsaya kai da fata sai uku.

Malam: Alhazai a hanzarta, direba na jira! Saura gonar dabino, can za mu yi awa guda.

Bakatsine: Uhudu minti 15, dabino awa guda?

Malam: Ajwa ce, Alhaji, akwai falala.

Bakano ya matso, ya rage murya.

Bakano: Malam, tsakaninmu, nawa suke ba ka a kilo?

Malam: Alhazai, mu yi salati ga Annabi!

Bakano: A'a, ba tonon asiri nake ba. Mutum 12 na unguwarmu suna mota ta baya, duk maganata suke ji. Raba-daidai za mu yi ko kuwa?