Kundin kakanmu, tambarin wasu

Makon jiya wani ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram ya nuna mini shafin wani kundin ajami a wayarsa. Ina gani na gane rubutun kakan mahaifiyata ne, har da tabon ruwan da ya ci gefen shafin farko tun ina yaro. A ƙasan hoton ga tambarin wata cibiya ta ƙasar waje, da gargaɗin cewa duk mai son buga shi sai ya nemi izininta.

Ranar da mutanen cibiyar suka shigo zaurenmu a unguwar Birni da kyamara, cewa suka yi wa kawuna marubucin ya daɗe da rasuwa, don haka rubutun ya zama na kowa. A doka ba su yi ƙarya ba. Yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin marubuta, wadda Nijar ke ciki, ta tanadi kariyar aƙalla shekara 50 bayan mutuwar marubuci, kuma malamin namu da ya yi zamani da Sarki Amadu Kuran Daga, kafin Faransawa su ci Damagaram a 1899, ya zarce wannan wa'adi nesa ba kusa ba. To in na kowa ne, ta yaya latsa kyamara ya mai da shi nasu? Ita kanta Tarayyar Turai ta zartar a 2019 cewa kwafin zanen da wa'adin kariyarsa ya ƙare ba ya haifar da sabon haƙƙin mallaka. Wannan kwace ne.

Abin da ya fi ci mini rai, dokar ba ta san gado irin namu ba. A gafaka ɗaya akwai waƙar wa'azi da kowa zai karanta, akwai wasiƙun bashi da sunayen gidajen da jikokinsu ke raye a unguwar Zango, akwai laƙanin da malam ba ya bai wa almajiri sai ya ga hankalinsa. Duk an zuba su a intanet ba tare da an tambayi kowa ba.

Masu cewa ai da ba a ɗauka ba gara za ta cinye, su sani ba mu ƙi hoto ba, tambarin muka ƙi.

Kafin a sake buɗe wata gafaka, a rubuta yarjejeniya da Hausa, magada su ware shafukan da ba za a fitar ba, a bar kwafi a jami'ar Damagaram kyauta. Hukumar kare haƙƙin marubuta ta Nijar (BNDA) da sashen rubuce-rubucen ajami na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai su sa baki. Ni dai na shaida wa kawuna kada ya ƙara kwance igiyar sauran kundin ga kowa sai an cire wannan tambari.