Ƙafar da ta saba da Corolla ta yi hattara da mota mai turi ta baya

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku da Allah Ya hore wa BMW ko Lexus IS350 ko Marsandi C300 wadda ba 4MATIC (mai turi da tayoyi huɗu) ba, wato motocin da tayoyin baya ke turawa, da ku masu aron ta Alhaji ranar kai amarya.

Yawancinmu a Corolla ko Camry muka koyi mota, su kuwa tayoyin gaba ke jan su. In ka faɗa kwana da gudu, hancin ne zai ƙi lanƙwasa, kana sassauta totur sai ta dawo hanya. Mota ce mai yafiya. Wadda tayoyin baya ke turawa ba ta san wannan haƙurin ba. Tayar nan da kake taƙama da ita, abin da ke taɓa kwalta bai wuce tafin hannunka ba, kuma da shi za ta riƙe motar a kwana, da shi za ta tura ta. Ka danna mata wuta a tsakiyar kwana, ka ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba, sai gindin motar ya kwace.

Wani zai ce ai iyayenmu sun tuƙa Fijo 504 haɗin Kaduna, ita ma ta baya take turi. Haka ne. Sai dai ƙarfinta doki casa'in da ɗoriya ne, IS350 kuwa sama da 300. Ba ɗaya ba ne.

Ni ma ba a bakin wani na ji ba. Wata ranar ruwan farko na karɓi BMW ɗin abokina, na danna maɓallin DSC, na'urar da ke hana mota sulɓewa, na kashe, wai don in ji ainihin ƙarfinta. Ruwan bai ma jiƙa ƙasa sosai ba, ya dai kwaɓa ƙurar rani da baƙin man da ya kwanta a kwalta, ya zama kamar miyar karkashi. Ina fita daga shataletale na taka. Gindin ya yi dama. Na tsorata na ɗauke ƙafa gaba ɗaya, na murɗa sitiyari a makare, kuma na wuce gona da iri. Da tayoyin suka sake kama ƙasa sai ta fizgo hagu da ƙarfin da ya fi na farko, ta yi katantanwa, ta daki dakalin titi. Wata yarinya mai tallan gyaɗa tana tsaye bai fi taku uku ba. Har yau ina ganin yadda ta rungume farantinta. Kuɗin gyara na biya na manta, wannan kam ban manta ba.

Abin da ban sani ba a lokacin: in ka ɗauke ƙafa farat ɗaya ko ka take birki, nauyin motar gaba yake komawa, bayan ya ƙara sakewa. A hankali ake rage wuta, a juya sitiyari ɓangaren da gindin ya nufa, ido na kan inda ake son zuwa, sannan a warware da wuri. Faɗarsa da sauƙi. Abin duka ba ya cika daƙiƙa biyu, kuma hannun da bai taɓa gwadawa a fili ba, babu mutane babu falwaya, ba zai tuna ba.

Na'urar da na kashe ɗin nan, Marsandi da Bosch ne suka fara fito da ita a 1995 da sunan ESP. Tana jin motar ta fara juyi kafin kai ka ji, ta kama birkin taya ɗaya tak, ta rage wuta. Amurka ta wajabta ta a sababbin motoci tun 2012. Mu kuma ga mu nan muna kashewa don a tafa mana.

Sai taya. Mota ta miliyoyi, tayoyi 'yan Beljiyam, kowace da nata zanen. Duƙa ka duba gefenta, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lamba huɗu na lokacin da aka ƙera ta: 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Ta tsufa, robar ta bushe ko da zanen bai cinye ba. In biyu kawai za ka iya saye, a baya za ka sa su, kar mai faci ya ce maka gaba.

Ku kuma masu juyi a wajen biki, ƙannena, don Allah ku dubi waɗanda ke zagaye da ku. Kai kana ciki, ga bel ga ƙarfe. Almajirai da ƙananan yara su ne a sahun gaba, da silifa, suna ɗaga waya, daidai inda gindin motar zai nufa in tayar baya ɗaya ta hau yashin gefen titi.