Ba kowace tasha ce mai keken guragu ke sauka ba

Wani ɗan'uwanmu a Garwa ya ce zai kai mahaifinsa, wanda ke kan keken guragu, yawo a babban jirgin ruwa na masu buɗe ido a tekun Bahar Rum. Tunaninsa shi ne tunda jirgin na da lif da ɗaki mai faɗin ƙofa, duk garin da aka tsaya Baba zai sauka. Mutane da yawa haka suka ɗauka, kuma ba haka ba ne.

Tashoshi iri biyu ne. A wasu, kamar Basalona ta Sifen, jirgi yakan jingina da gaɓa, a shimfiɗa gada, a tura keke har ƙasa. A wasu kuwa, kamar tsibirin Santorini na Girka, jirgin yana tsayawa can cikin ruwa, ƙananan jirage ne ke kwasar fasinja. Duk wanda ya taɓa shigar da tsoho kwale-kwale a Binuwai ko Logon ya san wahalar: ruwa na motsi, ga tazara, ga matakala. In igiyar ruwa ta yi ƙarfi, ma'aikata na iya hana mai keke sauka, musamman keken lantarki mai nauyi.

Ko an sauka, garin Fira, babban garin Santorini, a kan dutse yake, ga matakala birjik. Abin da ke min ciwo shi ne a bar dattijo shi kaɗai a jirgi, kowa ya tafi. Kafin a biya kuɗi, a tambayi kamfanin tasha bayan tasha: jingina ake yi, ko ƙaramin jirgi ake shiga?