Patty Mills da haƙurin da ƙwallon kwandonmu ya rasa

Tun da na zo Sydney da zama nake lura da yadda mutanen Ostireliya suke ambaton Patty Mills da wata irin girmamawa wadda ba kasafai ake yi wa ɗan wasan da ya shafe mafi yawan shekarunsa a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, yana tasowa daga benci ba. Gajere ne a ma'aunin ƙwallon kwando, kuma sai a lamba ta 55 ƙungiyar Portland ta ɗauke shi a zaɓen sabbin 'yan wasan NBA na 2009. Ko a San Antonio Spurs, inda ya zauna daga 2012 zuwa 2021 kuma ya ci kofi a 2014, aikinsa shi ne ya shigo ya ɗaga wasa idan manya sun fita hutawa. Amma da zarar ya sa rigar ƙasarsa, sai ya zama shi ne uban tafiya.

Ya fara zuwa gasar Olamfik a 2008, yana ɗan shekara 19. A Rio a 2016 Sifaniya ta ƙwace musu lambar tagulla da maki 89 da 88, bayan alƙalin wasa ya busa laifi a kan Mills ɗin kansa ana saura daƙiƙoƙi a tashi, kuma wannan ne karo na huɗu da ƙasar ta ƙare a matsayi na huɗu. Bai yi zuciya ba, ba a kuma watsar da shi ba. A Tokyo a 2021 ya riƙe tutar ƙasar a bikin buɗewa, shi ne ɗan asalin ƙasar na farko da ya samu wannan karramawa, domin mahaifiyarsa Aborijin ce, mahaifinsa kuma daga tsibiran Torres Strait ya fito. Sannan ya zuba maki 42 a kan Sloveniya, mazan Ostireliya suka ci tagulla, lambarsu ta Olamfik ta farko a tarihi, shekara 13 bayan zuwansa na farko.

A wannan gasa ce na ji zafin bambancin da ke tsakaninmu da su. 'Yan makonni kafin nan D'Tigers, tawagar mazan Najeriya, sun doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas, har muka fara ɗaga kai a gaban abokan aiki. Da aka je Tokyo, Ostireliya ta ci mu 84 da 67. Ban yarda cewa sun fi mu hazaƙa ba, domin tawagarmu cike take da 'yan NBA. Abin da suka fi mu shi ne sanin juna. Mills da Joe Ingles da Matthew Dellavedova duk sun bi ta cibiyar horar da 'yan wasa ta ƙasa da ke Canberra, wadda aka buɗe a 1981, sun faɗi tare sun tashi tare, har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya ba tare da ya waiga ba. Mu kuwa kusan kowace gasa da sabbin fuskoki muke zuwa, yawancinsu rainon makarantun Amurka, yayin da yaron da ke jefa ƙwallo a Kano yana mafarkin shiga Kano Pillars ba shi da wata shimfiɗaɗɗiyar hanya da za ta kai shi tawagar ƙasa.

Matanmu sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne, tun da D'Tigress sun lallasa Ostireliya 75 da 62 a gasar Olamfik ta Paris ta 2024. Sai dai har yau ina jin takaicin 2022, lokacin da rikicin shugabancin hukumar wasan ya sa gwamnatin tarayya ta janye Najeriya daga gasannin duniya. An soke matakin bayan 'yan makonni, amma aikin gama ya gama. Gasar cin kofin duniya ta mata a nan Sydney aka yi ta, na ci burin zuwa da 'ya'yana su ga koren riga a fili, sai ga Mali a gurbin da matanmu suka samu da guminsu.