Kunkurun teku ya tuna mini da shamuwar Damagaram

Shekara shida ke nan ina Kwatano, ina aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa. Ranar da na fara ganin teku ban iya matsawa kusa ba. Mutumin da ya taso a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, yana bin layin famfo da jarka tun asuba, a nuna masa ruwa iya ganin ido kuma a ce ba ya shayuwa, dole ya yi tsaye yana kallo.

Yanzu na saba. Ranar Lahadi nakan hau zemijan, wato kabu-kabunsu na nan, in tafi Fijirose in zauna ƙarƙashin itatuwan kwakwa ina kallon masunta suna jan taru. Mutum wajen talatin kan igiya ɗaya, suna waƙa, mata na jira da kwanoni.

Amma abin da ya tsaya mini a rai a Gran Popo na gan shi, can yamma kusa da iyakar Togo. Kunkurun teku kan fito da dare ta haƙa rami cikin yashi, ta zuba ƙwai, ta rufe, ta koma ruwa. Sai an yi kusan wata biyu su ƙyanƙyashe. Da, mutane tonewa suke su ci. Yanzu akwai ’yan garin da ke sintiri da dare, su kwashe ƙwan su binne a killataccen wuri. Da yamma aka ɗora wa ɗana jaririn kunkuru ɗaya a tafin hannu, bai fi bakin kofin shayi ba, yana ta wutsil-wutsil da ƙafafu. Ya ajiye shi, ya bi shi da ido har igiyar ruwa ta ɗauke shi. Sai ya ce, “Baba, mu a garinmu me muke da shi?”

Tambayar ta yi mini zafi, don muna da shi. Muna da tafkin Gidimuni, kan hanyar Gure bayan Mirya, da dabinonsa da tsuntsayensa. Muna da tafkin Lasuri, wanda tun 2005 yake cikin dausayin da yarjejeniyar Ramsar, ta kare dausayin duniya, ta amince da su. Tun 2012 aka keɓe Tarmit da Tin Tumma saboda namun dajin sahara da suka kusa ƙarewa. Yara nawa ne a Damagaram aka taɓa kai su ko Gidimuni don kallo kawai? In ka ce za ka, sai a ce ba ka da aikin yi.

Kuma ba wai ba mu san darajar halitta ba. Muna yara mun harbi kurciya da danƙo, amma ba wanda ya isa ya taɓa shamuwa in ta yi sheƙa a kan tsamiyar unguwa. Kakata takan ce baƙuwar damina ce, a bar ta. Ba jami’in gandun daji da ya koya mata wannan.

Ba na cewa nan komai daidai ne. Leda ta cika gaɓar teku, kunkuru ya haɗiye ta ya mutu kamar yadda akuyoyinmu ke yi a bola. Nijar ta hana leda a 2014, Benin a 2017, ga ta nan ko’ina.

In Allah ya kai mu hutun bana, zan ɗauki yaron da ’ya’yan yayata mu tafi Gidimuni da sassafe, kafin rana ta yi zafi.